Sa Hannuna a Kan Ƙofar Kano ta Bogi

Shekaru sun ja, ba zan rantse cewa komai ya zauna daidai a kaina ba. Ina jin a 2018 ne. Lokacin ban daɗe da gama digiri a zanen gine-gine ba, ina aiki a wani sito a unguwar Al Quoz ta Dubai inda masu hali ke ajiye zane-zanensu, kullum cikin fargabar kuskuren da zai taɓa bizata.

Wani Alhaji ɗan kasuwa, abokin mahaifina, ya tsiri tara zanen tsofaffin gine-gine. Ba sanin su ya yi ba, gani ya yi Larabawa na ratayawa a falo. Ya ja ni wani shago a Al Sabkha in duba masa zanen da aka ce wani Bature matafiyi ya yi wa wata ƙofar ganuwar Kano tun kafin mulkin mallaka. Mai shagon, wanda kalmar habibi, wato masoyina, ba ta barin bakinsa, ya yaye ƙyallen da ya rufe zanen kamar mai nuna amarya.

Kallo ɗaya na gane. Babu zanko, babu indararo, kuma a saman ƙofar an dasa hasumiyar shan iska irin ta tsofaffin gidajen Dubai. Fentin ma, in hancina bai yaudare ni ba, bai gama bushewa ba. Amma Alhaji ya riga ya bugi ƙirji cewa ta wannan ƙofar kakansa ke shigo da fatu. Yaya zan ƙaryata sa'an mahaifina a gaban baƙo? Na ce akwai alamun tsufa. Alhaji ya ce khalas, wato shi ke nan, in sa hannu a takardar shaida, in rubuta digirina ƙarƙashin sunana. Na sa.

Ranar walimar sabon gidansa a Kano, in ji ƙanena, wani tsohon magini ya tsaya gaban zanen ya tambaya ko ganuwar ma ta fara zuwa Dubai saro kaya. Falo ya kwashe da dariya. Alhaji ya zaro takardar yana zagayawa da ita, wai ga ɗan bokon da ya cuce shi. Har yau ko akurkin kaji ba a ba ni in zana ba a unguwarmu.

Na raina mai shagon, na raina Alhaji da ke sayen tarihin da bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba, amma na fi raina wanda ya gani ya yi shiru ya kira abin ladabi. Masu takarda, ku kula: kunyar babba ba ta bin ku cikin sa hannu, sunanku kaɗai ke zama.

Wanda ya halarci walimar, in na kauce wa gaskiya, ya aiko wa mujallar da ta buga wannan labarin da gyara. Ni ban je ba.