Sallamar da ta cika rumbun shafin Gwaggo

Ni na haɗa wa Gwaggo shafin intanet na sayar da dabino a nan ƙasa mai tsarki, da abin da na koya a waya. Shugabannin ayarin mahajjata suna yin oda, mu kai musu masauki kafin su wuce filin jirgi.

Wata Alhamis da hantsi manhajar tsaron shafin ta ce a sabunta ta. Na danna. Shi ke nan, shafi ya yi fari fat, sai rubutu ɗaya: ba a iya kaiwa ga rumbun bayanai ba. Ga ayari zai tashi washegari, odarsu duk tana ciki.

"Ya waladi, ina dabinon mutane?" in ji Gwaggo.

"Yana nan, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa."

"To ɓalle ta mana!"

Ta aika aka kira maƙwabcinmu a unguwar Ƙuba, wani dattijo ɗan Chadi mai kula da kwamfutoci a filin jirgi. Kawu muke ce masa. Bayan La'asar ya zo, na miƙa masa kwamfutar, ya tura min abata.

"Hannunka ya ɗaure, shi zai kwance. Yalla, maza kashe manhajar tukuna. Me rahoton kuskure ya ce?"

Wuri ya ƙare, in ji rahoton. Ashe manhajar tana ajiye duk yunƙurin shiga da bai yi ba, wajen sabuntawa ta ɗebo tulin nan za ta kwafa, rumbu ya shaƙe. Na buɗe tulin in ga ɓarayin da ke ƙoƙarin shiga. Wallahi ba ɓarawo ko ɗaya! "Salamu alaikum." "Ina kwana, ya yara?" Ƙawayen Gwaggo ne, kullum suna rubuta gaisuwa a gurbin sunan mai shiga.

"Ni na ce su riƙa leƙowa," in ji Gwaggo. "Sai su shiga wurin mutum ba sallama?"

Kawu ya yi dariya har shayinsa ya zube.

Na share tarin, na gyara rumbun yana nuna min da baki, shafi ya dawo, oda na nan lafiya. Gwaggo ta cika masa leda da dabinon ajwa mai tsada, ya ɗauki ƙwara ɗaya kawai. Allah Ya saka masa da alheri, a ranar na koyi karanta rahoto kafin in rikice.

Da safe muka kai wa ayarin dabinonsu. Da na dawo na saka gurbin gaisuwa a fuskar shafin, Gwaggo ce ke amsawa.