Sabis ɗin gidanmu ba shi da laifi

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: sabis ɗin gidanmu lafiyarsa ƙalau. Ni ce nake kashe data duk lokacin da Hafsatu, 'yar kawuna da ke Baure, ta kusa cinye ni a ludo ta waya.

Jiya ta kira ni tana haki.

"Bilki, na gano matsalar, daga wajena ne! Yanzu haka ina saman katangar garken awaki, nan sabis ke cika. Inna na ta faɗa wai zan karye."

"Don Allah ki sauko."

"Sai na cinye ki tukuna!"

Kunya ta rufe ni. Na bar datar a kunne, ta cinye ni sau uku.

Da ku ne, za ku gaya mata? Ni dai na daina kashewa.