Anti Zalia, Mai Mayar da Kwanon Dubiya

Kullum bayan asuba Anti Zalia takan kulle ɗakinta a unguwar Nima ta hau trotro, motar haya, zuwa asibiti. Ba wanda take yi wa sallama: maigidan ya rasu, yaran suna Kumasi. Shekara talatin tana aikin nas, a watan nan za ta ajiye.

Har yau ana zancen jinyar Baba Husseini mahauci a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima. Wata muguwar ƙwayar cuta ce ta shiga bangon tumbinsa tana tara iska, irin wadda likita kan yi shekara da shekaru bai gani ba. Ga suga, ga tsufa. Likitoci suka ce in aka yi masa tiyata ba zai tashi ba, sai dai allurai da ƙarin ruwa da roba ta hanci. Kuma ko ɗigon ruwa kada ya wuce maƙogwaronsa, don tumbin na iya ɓulewa.

To, wa zai ce wa ɗan Zango ya je dubiya hannu rabbana? Koko, fura, farfesu, kwanuka suka yi ta zuwa. Zalia ta dasa kujera a gefen gadon, kwanon da ya zo duk ta mayar.

"Haba Anti," in ji Mas'uda, matar tsohon, tana kuka, "da ƙishirwa za ki kashe mini miji? Rubutu ne fa!"

"Yaya, shafa masa a goshi. Sha dai ba zai sha ba."

Aka ce ba ta da imani. Matan layinsu suka daina amsa gaisuwarta, aka yi suna biyu ba a kai mata goro ba. Wallahi abin ya ci mata rai, ga shi ba ta da wanda za ta faɗa wa. Haka ta ci gaba da jiƙa auduga tana shafa wa tsohon a leɓe.

Anti Zalia, ke ce kika yarda unguwa ta tsane ki, muddin dai yana numfashi.

Kwana goma sha biyu, hoton ciki ya nuna iskar ta baje, likita ya ce a gwada cokali ɗaya na ruwa. Zalia ta miƙa wa Mas'uda cokalin, ta fice. Daga baranda ta jiyo ɗakin ya kaure da hamdala. Ba wanda ya leƙo nemanta.

Mun gode Anti, Allah Ya saka miki da alheri. Ku masu tasowa a aikin, ku koyi tsayuwa irin tata. Mu kuwa da muka ɗauke mata kai, har da ni, don ni ma na kai kwano na dawo ina zaginta: Anti, ki yafe mana.