Abin da Inna ta tambayi jikarta

Ɗiyata ta fari aikin ƙasusuwa take yi a Turai. Ita da abokan aikinta suna tona wuraren da jiragen yaƙi suka faɗi tun zamanin kakanni, su tattara abin da ya rage na matuƙan, su duba karayar da ke jikin ƙashi su gane yadda mutum ya cika. Ni dai ban taɓa son aikin nan ba. Duk karatun da ke duniya, a rasa na zaɓa sai tonon matattu?

Shekarar da ta zo hutu, Innata tana wurina a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Umara ce ta kawo ta, ta ƙi komawa gida. Ƙanena sojan sama ne, jirginsa ya faɗi a daji wajen yaƙi, ko takalminsa ba a kawo mana ba.

Wata rana bayan la'asar muna shan shayi, Inna ta kamo hannun yarinyar.

"Ke da kike ganinsu, gaya mini. In jirgi zai faɗo, suna sanin halin da ake ciki?"

Yarinyar haihuwar Makka ce, Hausarta sai Larabci ya tallafa. Ta ce, "La, ya sitti, ba sa sani. Farat ɗaya ne. Ko zafi ba sa ji." Abin da suke gaya wa iyalan Turawa ke nan, su kuwa su share hawaye su yi godiya.

Inna ta saki hannunta. "Ashe ɗana bai samu yin kalmar shahada ba," ta ce. Ta dafa bango ta shige ɗaki.

Na ja yarinyar kicin raina a ɓace. Tana kuka ta ce tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Gaskiyar ita ce takan samu matuƙi da babban yatsa a karye, ƙasusuwan ƙafa a farfashe, alamar yana riƙe da abin tuƙi har ya sadu da ƙasa. Idonsa biyu, yana ganin abin da ke tafe.

Na ce, "To tsayuwar me kike yi? Je ki faɗa mata."

Ta durƙusa gaban Inna, ta yi bayani tana nunawa a nata hannun. Inna ta saurara har ƙarshe, ta shafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Uwarki ce ta turo ki ki lallashe ni. Na farkon nan ba wanda ya sa ki."

Mun rantse, mun sake rantsewa, ba ta yarda ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Daga ranar har ta rasu, in ta idar da salla nakan ji ta yi kalmar shahada, ta ɗan dakata, ta sake yi. Sai ta ce a hankali, "Wannan tasa ce, ya Allah, in ana karɓa."