Aurakin Mala Umara

Mala Umara yana da shekara arba'in da bakwai, magidanci ne a Gaya mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma tsakanin Gaya da Ajingi babu mai cin abinci da wankin gilashin taga sai shi. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna, suka kama noma. Shi kuwa ya daɗe yana cin rani a Kano, yana lebura a gidajen Turawa. A can ya koyi goge gilashi da toka mai laushi da ruwan lemun tsami da tsumma, har mutum ya miƙa hannu yana zaton babu komai a wurin.

Da ya dawo gida bayan babban yaƙi, ya tarar gine-gine masu gilashi sun fara tsirowa: barikin da Bature ke sauka in ya zo rangadi, ɗakin shan magani, makarantar elemantare, da kantunan awon gyaɗa. Babba a cikinsu wani kanti ne a Ajingi, na wani attajiri da ke zaune a Kano. Ƙofarsa ta gilashi ce tun daga sama har kusan ƙasa. Wannan kanti shi ne jigon sana'ar Mala Umara, don shi sauran masu tagogi suke gani su kira shi. Akawun kantin, Tukur, Bafulatani ne, saboda haka tsakaninsu akwai wasan Fulani da Barebari. Bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai "bawana".

Shekara da shekaru a ka yake ɗaukar kayan aikinsa, tsani da garwa da ƙunshin toka, ya taka har Ajingi. Wuyansa ya fara sagewa. Da gyaɗar bara ta yi kyau, ya yanke shawarar sayen abin ɗaukar kaya na farko a rayuwarsa.

Ya fara tunanin keke, sai ya tuna yashin hanyar Kademi, inda masu keke ke sauka su tura. Amalanke ma haka, ga shi sai da ƙarfin ƙirji. Jaki ya rage.

"Ka sayi mace, Mala," in ji matarsa Kellu. "Ta ɗauki tsaninka, ta haifa mana wani."

"Mace ta yi ciki ta zauna mini a gida? Wa zai kai ni Ajingi, ke?"

"Ni ai na daɗe ina ɗaukar kayanka. Ban ga ka saya mini ko akumari ba."

Ranar kasuwar Gaya ya shiga kara, wurin da ake cinikin dabbobi, ya sami dillali Barau. Barau ya nuna masa wani auraki, namiji, mai kalar ƙasa-ƙasa da faɗin ƙirji, ba a taɓa dandaƙe shi ba. Mala Umara ya yi duk abin da ɗan fatake zai yi. Ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai miki, ya sa aka kora shi ya ga tafiyarsa.

"Wannan ko dutse ka ɗora masa zai kai Haɗeja," in ji Barau. "Faɗa kawai yake da shi in ya ga namiji ɗan'uwansa. Ka ɗaure shi shi kaɗai, shi ke nan."

Duk mai jaki ya san wannan, kuma ba aibu ba ne. Aka yi ciniki, aka tafa.

Tafiyarsu ta farko Ajingi suka nufa. Kaka ce, leburori suna ta jibge buhunan gyaɗa a gaban kanti. Tukur ya fito yana dariya.

"Kai, yau bawana ya yi bawa. Wanne ne ubangidan a cikinku?"

"Wanda ba ya bin saniya daji," in ji Mala Umara.

Ya duba, ya ga jakunan masu kawo gyaɗa suna can ƙarƙashin tsamiya. Sai ya bi shawarar Barau, ya ɗaure nasa shi kaɗai a ginshiƙin baranda, a inuwa, daf da ƙofar gilashin. A lokacin ƙofar ta yi dususu da ƙurar ɓawon gyaɗa, ba a ganin komai a jikinta. Da ita ya fara. Ya wanke, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya jingina tsani ya hau tagogin sama.

Bayan azahar rana ta karkata ta haske barandar. Jakin ya ɗaga kai ya ga wani auraki a tsaye a gabansa yana kallonsa. Ya miƙe kunne, wancan ya miƙe. Ya ɗage leɓe, wancan ya ɗage. Waɗanda ke wurin sun ce kuka ɗaya ya yi, ya fizge igiya, ya tashi tsaye a kan ƙafafun baya, ya sauke kofatai biyu a tsakiyar ƙofar.

Gilashin ya zubo kamar ƙanƙara. Wani tsinken gilashi ya tsaga kumatun wani lebura, Ɗanladi, tun daga gefen ido har haɓa. Jakin ya ja baya jina-jina, ya ga abokin faɗansa yana nan a ɗaya ɓarin ƙofar, ya juya ya harba da ƙafafun baya. Harbi na biyu ya sami tsanin. Mala Umara ya faɗo a kan fasassun gilashi, ya tashi, ya kama ragamar da hannun dama. Jakin ya cafke masa damtse, ya ɗaga shi, ya girgiza, ya maka shi da ginshiƙi, bai saki ba.

Leburori suka rufe shi da duka, wasu da gora, wasu da ƙugiyar jan buhu. Ana jin ƙarar sanduna a haƙarƙarinsa kamar ana sussukar dawa, amma haƙoransa na cikin naman. Tukur ne ya cusa masa ƙarfen sikeli ta gefen baki ya banƙare, sannan hannun ya fito, fata na reto. Jakin ya faɗa cikin kantin da jijiyar ƙafa a yanke, yana ja, yana zubar da kwanuka da bandiran yadi. A nan maigadin kantin ya same shi da taɓarya a tsakiyar ka, sau uku, ya kwanta.

Da jakin ya mutu, fushin bai mutu ba. Ɗanladi na zaune riƙe da fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. 'Yan'uwansa suka juya kan Mala Umara a inda yake kwance. Wani ya shure shi a ciki, wani ya sauke masa gora a kafaɗa.

"Shi ya kawo mana wannan masifar. Gobe mai kanti ya kore mu duka."

Tukur ya tsallaka ya tsaya a kansa, ƙarfen sikelin na hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Wannan bawana ne tun kaka da kakanni. In dukansa za a yi, ni zan yi. Wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa."

Suka ja da baya. Aka naɗe hannun da rawanin Tukur, aka ɗora shi da Ɗanladi a motar gyaɗa zuwa ɗakin shan magani, aka yi musu ɗinki. Gawar jakin aka ja ta bayan gari, ungulu suka gama da ita.

Mala Umara ya yi jinya har sanyi ya wuce. Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, kuma ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ba zai ƙara riƙe tsani a ka ba. Tukur ya zo gaishe shi a Gaya, ya zauna a zaure, wannan karon babu wasa sosai.

"An kawo sabon gilashi daga Kano, an sa. Na faɗa wa mai kanti ƙaddara ce. Amma akwai wani daga Wudil da ke neman aikin. Mai kanti zai zo kafin damina. In ya tarar da ƙofar da datti, ba ni da bakin magana."

"Zan zo."

"Da me? Da wani jakin?"

"Da wani jakin."

Ranar kasuwa ya karɓi madubin Kellu, na aurenta, mai bakin katako, ya sa a aljihun riga. Ya shiga kara bai yi wa kowa bayani ba. Ya je gaban wani jaki baƙi ya kara masa madubin a fuska. Jakin ya yi tsalle ya tumɓuke turke. Ya gwada wa na biyu, shi ma ya kwantar da kunne ya kai cizo.

A ƙasar nan ba a san mai yawo da madubi cikin dabbobi ba sai mai mugun nufi. Wani ya ce kurwar jakuna yake kamawa. Kafin ya buɗe baki an shaƙe masa wuyan riga ta baya, an kai masa naushi a baki, haƙorinsa ɗaya ya fita. Wani ya fizge madubin ya taka. Da aka ambaci maita, masu sanda suka fara matsowa, shi kuwa yana durƙushe ya ɓoye nakasasshen hannun a ƙarƙashin ciki.

Barau ya kutsa cikin taron yana ture mutane.

"Ku dakata. Wannan ba maye ba ne, wawa ne. Shi ne wanda aurakina ya cinye wa hannu a Ajingi." Ya tsuguna. "Mala, me ya kai ka?"

Mala Umara ya tofar da jini. "Ka ce in raba shi da maza. Na raba shi. Ba ka ce in raba shi da kansa ba."

Ya yi bayanin ƙofar da rana da abin da jakin ya gani. Wasu suka yi dariya, wasu suka watse suna ƙunƙuni. Barau ya tsinci guntun madubin mafi girma daga ƙasa, ya goge a riga, ya riƙa bin jakunan da kansa yana nuna musu. Mazan duk suka yi tirjiya. A ƙarshen layi akwai wata jaka tsohuwa, furfura a hanci, kunne ɗaya a tsage, wadda tun safe babu wanda ya taya. Ta dubi madubin, ta shinshina, ta mayar da kai kan harawarta.

"Ba ta sauri," in ji Barau. "Kuma ba za ta ƙara haihuwa ba. Kada ka dawo ka ce ban faɗa ba."

"Tana kai Ajingi?"

"In ka tashi da wuri."

Makon jiya Mala Umara ya ɗaura mata tsani da garwa, ya kora ta Ajingi da kumburarren leɓe. Ya ɗaure ta can ƙarƙashin tsamiya tare da sauran jakuna. Ɗanladi na bakin kanti da tabonsa, bai amsa sallamarsa ba. Tukur ya dubi jakar, ya ce ai wannan ta girmi uwar mai ita. Mala Umara ya jiƙa tsumma, ya kama da hannun hagu, ya wanke sabuwar ƙofar tun daga ƙasa, sannan ya jingina tsani ya hau tagogin sama a hankali.