Kwanson Man Kifin Inna

Na miƙa wa Inna ƙwayar man kifin da na sayo mata saboda ciwon gwiwa, sai ta tsaya tana latsa ta.

"Kifi dai halas ne. Wanga kwanso mai danƙo fa, da mi aka yi shi?"

Na koma kemis ɗin da na sayo shi nan Ƙaura. Mai shagon ya nuna min tambari a jikin kwalbar, wai an gwada.

"Malam, su wa suka gwada?"

Ya jujjuya kwalbar. "To Hajiya, kamfanin dai suka rubuta."

An ce wani kwanson da fatar dabbar da ba halas ba ake yin sa, ni ma kuwa tun bayan Sallah nake haɗiyar irinsa. Inna ta ƙi sha.

Don Allah wa ya san man kifin da wasu daban suka shaida halas ne, ba masu shi ba?