Gwaggo Saratu da Mijin da Ya Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya taɓa bin layinmu a Tudun Wada da hantsi ya san ƙarar keken ɗinkin Gwaggo Saratu, ya kuma san biron nan da take sokewa a ɗankwalinta. Ku da kuka kai mata ɗinki kun san biron ba na rubuta awo ba ne. Gwaggo da ido take auna mutum, in rigar ta matse ka ta ce kai ne ka ƙara ƙiba a hanya. Biron na kisa ne. Da shi ta yi shekara da shekaru tana kashe mutum ɗaya, shi kuwa mutumin yana nan Tudun Jukun yana tuƙa kekensa lafiya lau.

Yayar babana ce, gida ɗaya muka zauna tun ina budurwa har na fara furfura, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Labaran soyayya take rubutawa a littafin 'yan makaranta, ta karanta wa matan zumunta na cocinmu ranar Talata bayan an gama addu'a. Labarin kullum ɗaya ne. Mace mai tsoron Allah, miji ya wulaƙanta ta ya sake ta a kotu, ta sha kuka, sannan Ubangiji ya haɗa ta da wani mutumin kirki mai sanyin magana. To, a nan matsalar take. A cocinmu ba a ɗaura wa mace aure muddin mijinta na fari yana numfashi, ko da takardar kotu cike da buhu ta zo. Saboda haka kafin shafin ƙarshe dole tsohon mijin ya mutu.

Kai, ya mutu fa! Ya faɗa rijiya. Tirela ta bi ta kansa a hanyar Kano. Ƙayar kifi ta maƙale masa a maƙogwaro. Kunama ta kwana a takalminsa. Sunansa yana canzawa, yau Bitrus gobe Markus, amma kullum yana da wushirya, kullum da baƙin keke, kullum sai ya yi gyaran murya kafin ya zagi mutum. Babu macen zumuntar da ba ta san tsohon mijinta Baba Danladi ne ba. Ita Gwaggo ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin Tudun Jukun", ta ƙara da "Allah ya ja da ransa", sannan ta ja tsaki.

Muna dariya, amma asalin abin ba na dariya ba ne. Shekara tara ta yi a gidansa. Marin da ya yi mata ranar da ta gyara masa karatu a gaban baƙi shi ya kashe mata kunnen hagu har ta koma ga Allah. Shi ya kai ta kotu, shi ya daina zuwa coci, ya yi wani auren abinsa. Ita da ta tsaya a cocin, ita doka ta ɗaure.

Da labarin kashe-kashen ya kai kunnen Rabaran, sai ya aika a kira ta. Ni na raka ta.

"Mama Saratu, an ce kina kashe mijinki a zumuntar mata."

"Wanne daga ciki, Rabaran?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Shekaranjiya na gan shi a unguwar Kongo yana cin tsire. In ya mutu bayan nan, ba a aiko mini ba. Biro ne fa, Rabaran, ba wuƙa ba."

Rabaran ya gyara tabarau ya shiga yi mata wa'azin gafara. Gwaggo ta saurara kaɗan, sai ta ɗaga kujerarta ta juya, ta miƙa masa kunnen hagu.

"Ci gaba, Rabaran. Ga kunnen da abin ya shafa, shi za ka yi wa."

Nan bawan Allah ya tsayar da wa'azin. Daga ƙarshe ya roƙe ta abu ɗaya, cewa in dai sai mutumin ya mutu, to ta bar shi ya tuba tukuna. Ta ce ta ji. Talatar da ta biyo baya mijin ya sake faɗawa rijiya, ya tuba a can ƙasa da babbar murya, kowa a unguwa ya ji, sai dai ba a samu igiya da wuri ba.

Mutumin kirkin nan mai sanyin magana ma ba ƙirƙira ba ne. Malam Yohanna ne, mai gyaran keken ɗinki, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku. Keken Gwaggo duk ranar Alhamis yake lalacewa. Ban taɓa ganin ya lalace Litinin ko Asabar ba. Na daɗe kafin na gano cewa ranar Laraba da la'asar take kwance wata 'yar ƙusa ta ɗaure a bakin zaninta. Malam Yohanna zai zo da jakar kayan aikinsa, ta fito da keken baranda inda duk mai wucewa zai gan su, ya yi ta dube-dube kamar bai san abin da ya ɓace ba.

"Malama, wannan keken ya tsufa."

"Mai gyaran ne ya tsufa, Malam."

"To, mu ga ko za a dace."

Sai ya sha kunun gyaɗa kofi biyu, ya ji sabon babi, sannan ƙusar za ta bayyana a ƙarƙashin tabarma. Hannunta bai taɓa riƙewa ba. Shekara goma sha bakwai ana haka.

Maƙwabciyarmu Hajiya Binta, wadda take leƙowa ta katanga don jin inda labari ya kwana, ta gaji wata rana ta ce, "Ke Saratu, naku da wuya! Mu da an gama idda sai a shafa fatiha, a wuce wurin."

Gwaggo ta ce, "Hajiya, gicciyena ne. Ki bar ni in ja abina."

Ba Hajiya kaɗai ba. Babana ya ce su je ofishin rajistar aure a ɗaura. Ni na ce akwai coci a Sabon Gari da ba sa tambayar tsohon miji. Shi kansa Malam Yohanna ya ce duk inda ta zaɓa zai bi. Ta ƙi. Ta ce in ta yi haka za a hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a coci, a mayar da ita bencin baya kamar wadda ta yi sata.

Ta dube ni ta ce, "A cocin nan aka yi mini baftisma, Hannatu. A nan aka ɗaura na farkon da ya lalace. Ta ƙofar nan zan shiga da farar riga a gyara, ko kuwa a bari."

Rigar kuwa tana nan, ita ta ɗinka abarta. Tana cikin akwati da ƙwayar kafur. Duk Kirsimeti sai ta fito da ita ta gwada, shekarar da ta yi ƙiba ta buɗa, shekarar da ta rame ta rage. Na ji haushinta a kan taurin kan nan, ban ɓoye mata ba, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Sai ga shi wata damina an zo da labari: Baba Danladi yana asibiti, ciwo ya ci ƙarfinsa, matar da ya aura ta tattara ta tafi, 'ya'yansa suna Legas ba wanda ya zo. Ku faɗi gaskiya, matan zumunta, a ranar ba wadda ta iya kallon idon 'yar'uwarta. Shi kuwa Malam Yohanna ya je aski ranar da ba ta aski ba.

Washegari na tashi na tarar Gwaggo tana zuba farfesun kaza a kula.

"Gwaggo, ina zuwa?"

"Asibiti."

"Wurin wa? Gwaggo, kanki ɗaya kuwa?"

"In ya mutu da yunwa ina zaune ina kallo, da wace fuska zan sa farar rigar? A ce birona ne ya ci shi? Ɗauko mini mayafi."

Sati biyar tana jigila. Ita ce wankin kayansa, ita ce faɗa da nas-nas a kan magani. Mutumin da likita ya ce a kira danginsa, sai ga shi zaune yana suɗe ƙashi. Ranar da aka sallame shi ina wurin. Ya yi gyaran murya, na ce a raina yau za a ji godiya.

"Saratu, har yanzu gishirinki yana yawa."

Gwaggo ta ɗauki kularta. Ta dawo gida ta zare biro. A labarin makon nan tsawa ce ta faɗo masa da tsakar rana, ranar da ko hadari babu, kuma ba a ba shi damar tuba ba.

Bayan wannan da shekara biyu, wata Alhamis, ta fito da keke baranda, ta dama kunu, ta zauna. Hantsi ya wuce, rana ta take. Wajen azahar babban ɗan Malam Yohanna ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Babansu ya faɗi a shago yana haɗa jakar kayan aiki.

Ranar jana'izarsa ce ranar da na fi jin zafin abin nan. Iyali suna bencin gaba. Gwaggo tana can tsakiyar jama'a, don ita ba matarsa ba ce, ba 'yar'uwarsa ba ce, ba kowa ba ce. Mutane suka bi layi suna yi wa 'ya'ya da surukai ta'aziyya, suka wuce ta gabanta ba wanda ya san abin da zai ce mata. Hajiya Binta ce kaɗai ta shigo gida da yamma ta rungume ta. Ƙusar da ta kwance ranar Laraba tana ɗaure a bakin zaninta, kuma ba ta koma jikin keken ba. Na kawo masu gyara biyu, ta kore su. Biron ma ta cire daga ɗankwali.

Da jikinta ya fara ƙi, Rabaran ya zo duba ta, shi ma ya tsufa, da sanda yake tafiya. Wannan karon kunnen dama ta ba shi.

"Rabaran, tambaya gare ni. In na je can, za a ɗaura mana?"

Ya sunkuyar da kai. Ba mai iya ƙarya ba ne. Ya ce mata a can babu aure, ba a aurarwa.

"Nan a hana, can ma a hana? To wai a ina ake yinsa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Shi ke nan. Ba zobe, ba ganga. A dai ba ni gefensa a maƙabarta. Ko shi ma akwai doka?" Rabaran ya ce babu. 'Ya'yan Malam Yohanna suka ce su ma abin da suke so ke nan.

Ta rasu da safe, tana riƙe da hannuna. Muka sa mata farar rigar. Gyaran Kirsimetin ƙarshe ya zauna mata daidai.

Kun san abin da ya faru a harabar coci, amma bari in faɗa don waɗanda ba su zo ba. An gama haƙa kabari, akwati yana gaban bagadi, sai ga baƙin keke. Baba Danladi ne da ƙannensa biyu. Ya yi gyaran murya ya ce gawar matarsa ya zo ɗauka, a ƙauyensu za a binne ta kusa da uwarsa.

Na ce, "Matarka? Baba, ba kai ka kai ta kotu ba?"

"Ni na sake ta, amma cocinku ya ce ba ta saku ba. Shekara nawa kuna faɗa? In matata ce, ku ba ni. In ba matata ba ce, me ya sa kuka hana ta aure?"

Wallahi na ga abu ɗaya tak da ta roƙa a duniya zai kuɓuce mata. Sai Rabaran ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malam Danladi, ka tuna alkawarin da kuka yi a gaban bagadin nan? Har sai mutuwa ta raba ku, haka kuka ce. Da shi muka riƙe baiwar Allah nan shekara talatin, Allah ya gafarta mana in mun yi mata nauyi. To, mutuwa ta zo. Tun shekaranjiya da safe Saratu ba matarka ba ce. Matsa mana mu wuce."

Nan na fashe da kuka. Duk rijiyoyin nan da tirelolin da kunamun, tana jiran mutuwarsa ta kwance ta, ashe tata ce za ta yi aikin.

Baba Danladi bai yi zuciya ya tafi ba, kada ku ce na yi masa ƙage. Ya zauna ya ci shinkafar makoki faranti biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Jiya ma na gan shi wajen Dutsen Abba a kan keken. Allah ya ja da ransa.

Muka kwantar da ita a hannun hagun Malam Yohanna, yadda kunnenta mai ji zai fuskance shi. Ƙusar keken na sa mata a tafin hannu kafin a rufe akwati.

Ya Ubangiji, kai ka san abin da ta riƙe da abin da ta rasa saboda sunanka. Ka ba Gwaggo Saratu hutawa. In babu aure a wurinka, mun yarda, amma ka ba su baranda ɗaya, ka sa kowace rana ta zama Alhamis. Amin.